Cire Sunanta, Kabiru

Zuwa ga ƙanena Kabiru,

"Yaya, wallahi babu sunan da zai fita a fim ɗin nan sai mai sunan ya ce in fitar." Maganarka ce. Ka faɗe ta a shagon taliyar Musulmin nan da ke bayan titin Zhanxi Lu, ranar da muka gama ɗauka, mu uku a tebur ɗaya. Ni na juya ta zuwa Sinanci ga wadda aka yi wa alkawarin. Daga bakina ta ji shi, shi ya sa nake da hurumin tuna maka.

Bayan haka, ina yi maka sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da Inna. Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Kwana goma ke nan ina kiranka ba ka ɗauka. Amma na san ba ka taɓa barin rubutuna ya kwana a shafin nan ba ka karanta ba, har da abin da mutane ke faɗa a ƙarƙashinsa. To ga shi na biyo ka inda kake leƙowa. Sauran masu karatu sai su yi haƙuri. Ba za su ga sunan fim ba, ba za su ga sunan bikin fina-finan ba, ba za su ga sunan yarinyar ba. Kai ka san su duka.

Saboda su zan maimaita maka abin da ka sani.

Bayan annoba, da aka buɗe iyaka, ka zo wurina da bizar kasuwanci, wai za ka sayi takalma ka kai Sabon Gari. Sati biyu ka yi kana bin ni kasuwa ina yi wa mutanenmu tafinta, aikin da nake ci da shi fiye da shekara goma sha biyar. Ba ka sayi ko silifa ɗaya ba. Ka ce fim za ka yi a kan 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da Yamai, yadda suke saye, yadda suke jira, yadda suke tsufa a tsakanin kwali da kwantena. Na ce ka yi. Ban taɓa ganin ka ɗauki wani abu da gaske kamar wannan ba.

Sai ka gano abin da kowane baƙin mutum ya sani a garin nan. In ka ɗaga kyamara a kasuwar Shisanhang, kafin ka daidaita ta a ido mai gadi ya iso. Dole sai da 'yar ƙasa. Ni na kawo ta. Na san ta ne a wani kamfanin talla a Tianhe, inda na je fassara ranar da suke ɗaukar tallan gashin kanti. Yarinya ce marar surutu, ta karanta aikin ɗaukar hoto har ta gama, amma kwalaben man shafawa take haskawa don ta ci abinci. Ranar hutunta ɗaya ce a mako, kuma mu ta ba wa.

Hajiya Tsahara ta Maraɗi, mai sayen rigunan mata, ita ta raɗa mata suna. "Wagga ɗiya kullum ran Laraba take tahowa, ku ce mata Laraba mu huta da karya harshe." Haka ya bi ta. Ita kuma ta riƙa kiranka lawban, wato mai gida, duk da ta san ba ka san gaban kyamarar daga bayanta ba.

Ka tuna ta a durƙushe tsakanin buhunan riguna a hawa na uku a Shisanhang, masu turin kaya suna zaginta da Kantonanci, ita ko gezau, tana jiran hannun Hajiya ya kai ga ɗinkin da take son ta duba. Ka ce mata lokaci na tafiya. Ba ta ko waiwayo ba. Wannan hoton hannun shi ka buɗe fim ɗinka da shi.

Ka tuna ranar da Alhajin nan mai fitilun sola ya zauna ba da labarin kwantenarsa, sai zance ya zame masa zuwa lokacin annoba, sa'ad da masu gidaje suka fitar da baƙaƙen fata waje da kayansu. Ya faɗi kwana nawa ya yi a ƙarƙashin gada yana gadin kwalayensa. Ba mu tambaye shi ba, shi ya kawo. Ni ina fassara mata a kunne a hankali. Hawaye na zuba a fuskarta har haɓa, amma hannun da ke riƙe da kyamara bai motsa ba. Da aka gama ta goge gilashin, ta ce, "Wannan ba zai samu hatimi ba." Dukanmu mun ji. Kai ma ka gyaɗa kai.

Ka zauna a gidajen sinima na Tianhe tare da ni, ka ga ɗan dodon zinaren nan mai jikin maciji da ke fitowa a kan koren fage kafin kowane fim. Shi ne hatimin. Ma'anarsa hukuma ta kalla ta yarda. Fim ɗin da aka ɗauka a ƙasar nan ba shi da ikon zuwa bikin wata ƙasa sai da shi. Wanda ya kai ba tare da shi ba, in ɗan waje ne, iyakarsa ya rasa biza. In ɗan ƙasa ne, ana iya hana shi aikin fim shekaru. Sau da yawa ma ba sai an rubuto masa takarda ba. Waya ce kawai za ta daina ƙara.

Kai kuma da ka tashi, duk bukukuwan duniya ba ka zaɓi kowanne ba sai na Taiwan. Tun shekarar da aka yi wata maganar siyasa a kan dandamalin ba da kyauta a can, hukumar nan ta ce 'yan fim ɗinta su daina zuwa. Da can tare suke aiki. Mai ba da umarni na nan, mai tace hoto na can, mai kiɗa na Hong Kong, harshe ɗaya, ana gamawa a ci abinci tare. Yanzu wanda ya san abokinsa na can sai ya gaishe shi a ɓoye. Ban ce kada ka kai fim ɗinka ba. Ban taɓa cewa ba. Sun karɓa, na yi murna har na raba alewa a ofis. Fim ɗin ya cancanta. Kai kana Kano, babu mai taɓa ka a layinku.

Ita tana nan.

Ba yau ta fara ganin irin wannan ba, kuma ta ba mu labari a gabanka. Aikinta na farko bayan makaranta, mataimakiya ce a wani fim na haɗin gwiwa da 'yan Koriya. Labarin soyayya ne, babu siyasa ko ta ƙwayar gero a ciki. An gama ɗauka, an gama tacewa, sai gwamnatocin biyu suka ɓata a kan wata magana ta soja. Fim ɗin yana cikin wata durowa har yau. Wata takwas na rayuwarta, kuma ba ta da abin nunawa in an ce me kika taɓa yi. Kwanan baya ma da ni da ita muka tsaya a ƙofar sinima muna kallon ma'aikata suna sauke hoton wani fim ɗin Japan da aka yi ta tallarsa, saboda wani babba a can ya yi maganar da ba ta yi wa manyan nan daɗi ba. Ta sayi tikitin wani fim ɗin daban. Haka 'yan fim ɗin ƙasar nan suke rayuwa, suna duba fuskar gwamnati kamar yadda manomi ke duba gabas.

Abin da ba ka sani ba, domin ba ka ɗaukar waya, shi ne an ba ta aiki. Fim na gaskiya, na sinima, mai hatimi, ita ce shugabar masu ɗaukar hoto. Za a fara bayan sabuwar shekararsu. Shekara goma tana haska man shafawa tana jiran wannan. Sunayen ma'aikatan suna gaban masu dubawa na hukuma a yanzu haka da nake rubutun nan.

A cikin wannan hali ka turo hoton tallar fim ɗinka a guruf ɗin gida. 'Yan uwa na ta sa albarka. Na buɗe, na ja da yatsa na ƙara girmansa. Ga sunanta nan na gaskiya, cikakke, da baƙaƙen Sinanci da na boko, ƙarƙashin naka, girmansu ɗaya. Na daɗe ina tunanin inda ka samo shi, tunda kai Laraba ka sani. Sai na tuna lokacin da za mu je Yiwu ɗauka, ta turo maka hoton katin shaidarta don ka yanka mata tikitin jirgin ƙasa. Ta ba ka don tikiti, Kabiru.

Na tura maka saƙo ka cire shi. Amsa ɗaya ka ba ni, saƙon murya na minti ɗaya, daga nan ka ɓace. "Yaya, in na cire sunanta na zama butulu. Ita ta yi aikin. So kike duniya ta ce ɗan Kano ya ci gumin baiwar Allah ya shafe ta?"

Na saurare shi sau da yawa. Na san daga inda maganar ta fito, don tare muka fito daga can.

Mu mutane ne masu kiran suna. A biki zabiya ba ta tsallake wadda ta kawo ko da sabulu ne, in kuwa ta tsallake, an shiga gaba ta shekara. Fina-finan garinmu kuwa, jerin godiyar ƙarshensu ya kusa kai fim ɗin tsawo: mai gidan da aka yi aron ƙofarsa, mai shayin da ya ba da benci, direban da ya jira. Ina yi musu dariya, amma ban taɓa raina abin ba. A wurinmu wanda aka manta sunansa an zage shi ne a gaban jama'a.

Kuma na san ranar da ta shiga jininka. Ranar buɗe Islamiyyar unguwarmu. Baba shi ya yi ƙofofi da tagogin makarantar nan duka, sadaka, da yamma bayan ya tashi daga aikin mutane. Aka yi ta karanta sunaye har rana ta karkata, har wanda ya ba da aron kujeru an kira, ba a kira kafinta ba. Kana shekara takwas. Ka hau benci ka ƙwala sunan Baba da iya ƙarfinka, mutane suka fashe da dariya, Baba ya sauko da kai ya riƙe hannunka muka taho. A hanya abu ɗaya ya tambaye mu, "Kun lura ƙofofin suna rufuwa daidai?"

Har yau kana kan bencin nan. Shekara talatin da wani abu, ba ka sauko ba. Ba na ganin laifinka a kan wannan. Amma ka ɗauko ladabin gidanmu ka kawo shi ƙasar da ba haka ake ladabi ba. A nan, idan mutum ya taimake ka a kan abin da hukuma ba ta so, godiyar da za ka yi masa ita ce ka manta ka taɓa ganinsa. Na ga fina-finan da aka fitar waje, wurin sunan mai ɗaukar hoto an rubuta sunan tsuntsu ko na wata unguwa. Babu wanda ya ci gumin wani a nan. Abokai ne suke rufa wa juna asiri.

Yanzu zan faɗi ɗaya rabin, wanda ba za ka so ba. Ba Baba kaɗai ne a cikin lissafinka ba. Ka san masu bikin nan suna son ganin sunan ɗan babban yankin Sin a jikin fim irin wannan. Yana ƙara masa nauyi. 'Yan jarida za su tambaye ka, kai kuma ka gyara hula ka yi maganar ƙarfin hali da 'yancin fasaha. Na karanta irin hirarrakin nan da yawa, cikin harsuna uku, kuma na lura mai maganar ƙarfin hali kusan kullum shi ne mai tikitin komawa gida. Jarumtar da kake shirin yi, da wuyan wata za ka yi ta. Za a tafa maka na minti biyu a ɗakin da ba za ta taɓa shiga ba, ka hau jirgi ka koma Kano ka ci tuwon Inna. Ita kuma ta koma wa kwalaben man shafawa, in ma sun karɓe ta.

Za ka ce ai ba ta roƙe ka ba. Gaskiya ne. Na nuna mata hoton a gidan shayin da ke kusa da gidan mahaifiyarta a Liwan. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Ta ce launin ya yi kyau. Ta ce lawban ya iya zaɓen hoto. Ta miƙo mini wayar, ta ƙara mini shayi, ta tambaye ni ko Hajiya Tsahara ta samu bizar dawowa. Da za ta zuba nata sai butar ta ƙwanƙwasa bakin kofin sau biyu. Hannun da bai motsa ba ranar Alhaji mai sola. Ba za ta roƙe ka ba ko za ta mutu, don tana ganin wannan ce damarka ta farko kuma ba ta son ta zama dalilin ɓata ta. Ka yi shekara kana aiki da ita ba ka gane kunyarta irin tamu ce ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ka cire sunan daga hoton talla, ka cire shi daga jerin ƙarshe, ka rubuta wa masu biki su cire shi daga littafinsu. A wurinsa ka sa Laraba. Duk ɗan kasuwar da ya gan ta a durƙushe a Shisanhang zai gane, kuma su ne suka san abin da ta yi. In kana ganin bai isa ba, ka ajiye sunan a ranka. Ƙasashe suna ɓatawa suna shiryawa, na ga haka sau da yawa tun zuwana. Wata rana za a iya faɗa, kuma ita za ta zaɓi ranar. Kai dai ba kai za ka zaɓa mata ba.

Kabiru, kada ka ɗauka don ba na son fim ɗin ne. Kai ka san abin da na zuba a ciki. Kowane layi na Sinanci da ke gudana a ƙasan hoton nan ni na rubuta shi. Wata da watanni ina mayar da maganar Hajiya baya ina saurare, Hausar Maraɗi da Faransanci da guntun Sinancin kanti irin su meyo-meyo duk a jumla ɗaya, ga ƙarar masu turin kaya, ina neman yadda ɗan Sin zai yi dariya a daidai inda Bahaushe ya yi. Shekarun nan duka farashi da lambar takalmi nake fassarawa. Wannan ne karo na farko da na fassara mutanenmu suna magana kamar mutane. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, kuma ban sani ba ko zan ƙara. Ni ma ina so a gani. Na so Inna ta ji an ce 'ya'yan kafinta sun yi abin da aka kalla a wata ƙasa.

Kuma ina alfahari da kai, ko ka ɗauki waya ko ba ka ɗauka ba. Ka zo sayen takalma ka koma da abin da ya fi kwantena. Kana da kunne, kana bari mutum ya gama maganarsa, abin da ni ban taɓa iyawa ba. Ɗakin da kake kwana yana nan yadda ka bar shi, har da tsohuwar rigar ruwanka a bayan ƙofa, na kasa yarwa.

Amma ranar Litinin masu biki za su rufe littafinsu su fitar da sunaye, kuma abin da ya fita ya fita. Saboda haka kana da daga yanzu zuwa asubar Juma'a a agogon Kano. In kun sallame sallar Asuba, mu nan ana haramar tafiya masallaci. Kafin mutanenmu su sauko daga Juma'a ina son in ga sabon hoto a wayata, da kwafin saƙon da ka aika musu.

In ban gani ba, zan rubuta wa masu bikin da Sinanci in ce fassarar tawa ce, ban ba da izinin nuna ta ba, na janye. Ba zan faɗa musu dalili ba. Takardar ma na riga na rubuta, layi huɗu ce. Fim ɗinka kusan duka Hausa ne, kuma ba za ka samu wanda zai sake wannan aikin kafin lokaci ba, ka sani na sani. Daga nan zan kira Inna in gaya mata da bakina abin da na yi wa ɗanta, kafin wani ya riga ni. Da azumi kuma zan zo gida kamar yadda na saba, in tsaya a ƙofarka in yi sallama. In ka ƙi amsawa bana, zan dawo baɗi. Na goya ka kana cizon bayana ban sauke ka ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya. Allah ya tsare yarinyar nan da abincinta. Kai kuma Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka ikon yin abin nan da hannunka, kada ya kai ga nawa.

Yayarka,
Rabi
Guangzhou